Saurayin da Aka Kora Daga Gindin Durumi

A wani gari, can da daɗewa, shaye-shaye ya addabi matasa. Sai mutanen gari suka shimfiɗa tabarmi a gindin durumi, suka naɗa wani dattijo maƙeri ya riƙa sauraron damuwar samari.

Wata rana Tanimu, saurayin da kowa ya san yana shan ƙwaya, ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, ina da magana."

Maƙeri ya dubi jajayen idanunsa ya ce, "Tashi, kada ka ɓata mini yara."

Kashegari Tanimu ya dawo. "Baba, ina da magana."

"Na ce tashi!"

Ya tashi, bai sake dawowa ba. Ana nan aka wayi gari ya ɓace.

Maƙeri ya je yi wa mahaifiyarsa jaje. Ta ce, "Malam, tun rasuwar ƙaninsa ya kasa barci. So yake ya daina shan ƙwaya, shi ya sa na tura shi wurinka."

Maƙeri ya ɗauki sandarsa ya bi ƙauyuka yana cigiya, amma duk inda ya je sai a ce ba a ga mai kama da shi ba.