Kabad Ɗin da Ya Ƙi Shiga Sabon Gida

Ranar da Auta ta fara ganinsa, a durƙushe ta same shi a ƙofar sabon gidansu, fensir a bayan kunne, yana jan tef ɗin awo yana magana shi kaɗai. Ita kuwa kwalin kofuna ne a hannunta, ta hawo bene da shi tana haki, idanunta sun kumbura don kuka.

"Malam, ɗan matsa in wuce."

Ya matsa da sauri, sannan ya ɗago ya dube ta. "Ke ce mai kabad ɗin nan da aka sauke a ƙasa?"

"Na mahaifina ne."

"To ki ba shi haƙuri, kabad ɗinsa ba zai shiga ba. Ya fi ƙofar nan faɗi da yatsu huɗu, kwanar benen ma ba za ta bari ya hau ba."

"Ya rasu," in ji Auta.

 Kafintan ya cire fensirin daga kunne, ya rasa inda zai sa shi, ya mayar. Daga ƙarshe ya miƙa hannu ya karɓi kwalin, ya ce, "Allah ya ji ƙansa. Ki yafe mini, bakina ya fi hankalina sauri."

Wata biyar ke nan da rasuwar Baba. Shekara talatin suka yi a gidan ma'aikata mai ɗaki biyar, da ya rasu aka ba su wa'adi, wa'adin ya cika. Yayyenta mata duk sun yi aure, Yaya babba yana can da iyalinsa, saura ita da Umma. Abin da suka samu shi ne ɗaki biyu da ɗan falo a hawa na biyu. Sati uku suka yi suna rabon kaya: kujerun falo, manyan tukwane, keken Baba, littattafansa kwali tara. Umma tana zaune tana kallo ana fita da shekarunta ɗaya bayan ɗaya.

Kabad ɗin ne kawai ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu sai ya bi ta. Tufafin Baba an riga an rabar, amma turarensa ya kama katakon ciki. Kullum da safe Umma takan buɗe ƙofar, ta tsaya ta shaƙa, ta rufe, sannan ta iya fuskantar ranar.

Kafintan ya zagaya shi sau biyu, ya ƙwanƙwasa bayansa, ya ce aikin mutanen da ne, babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, in aka ɓalle shi ba zai koma yadda yake ba.

"Umma, shagona yana bayan layin nan," ya ce yana rusunawa. "Akwai wuri a ciki, ruwa ba ya shiga. In kin yarda in ajiye miki, duk ranar da kika so ki zo ki gan shi."

Umma ta daɗe tana kallon kabad ɗin a bakin titi, mutane na wucewa suna kauce masa. Ta ce, "To, ɗan nan. Amana ce."

Sai dai benen ya tayar mata da ciwon gwiwa, sauka ta gagara. Don haka Auta ce take biyawa shagon idan ta taso daga kantin maganin da take aiki. Ta buɗe kabad, ta tsaya jim, ta rufe. Da ta hau sama Umma za ta tambaya, "Yana nan?" Ita kuma ta ce, "Yana nan, Umma."

Kafintan ya sa mata suna Sufeto, wai tunda kullum sai ta zo duba aiki. Ita ta rama da Yatsu Huɗu. Tun tana tsayawa minti biyu har aka samo mata kujera, har aka san yawan sukarin da take so a shayi. Shi kuma ya bi gidansu lungu-lungu da tef ɗinsa. Ya kafa kanta a saman ƙofar kicin, ya ɗaga gadon Umma ya sa durowa biyu a ƙarƙashi, ya yi musu teburin da ake naɗewa a jingina da bango. Kwalayen da suka tare hanya suka ɓace ɗaya bayan ɗaya, har mutum ya iya shimfiɗa sallaya a falo ba tare da ya ture komai ba.

Wata rana da yamma saƙonsa ya shigo wayarta:

"Sufeto, na auna kicin ɗinku, na auna falo, na auna bayan ƙofa. Wuri ɗaya ya rage ban auna ba. Ko akwai sauran fili a zuciyarki, ko da na ajiye kafinta ɗaya ne? Ba shi da kaya da yawa."

Ta karanta sau uku. Rabonta da dariya har ta manta, sai ga ta tana yi ita kaɗai a kantin magani, mai sayen maganin tari yana kallonta. Ta rubuta:

"Yatsu Huɗu, wurin a cike yake da kewar Baba. Amma kai ne gwanin samo wuri inda babu. Gwada mu gani."

Umma ta lura, kuma ba ta hana ba. Har takan ce a ajiye masa abinci.

Abu ɗaya ne Auta ba ta taɓa faɗa masa ba, wato dalilin buɗe kabad ɗin. Abin ya yi mata nauyi a baki. Shi kuwa yana ganin duk sanda ta buɗe sai fuskarta ta canza, sai ya fassara abin da idon sana'arsa. Ya ga fentin ya koɗe, ya ga ƙarce-ƙarce, ya ga kantoci biyu na ciki sun lanƙwashe. Ya ce a ransa lalacewar kayan mahaifinta ce take ci mata rai. Satin da Auta ta tafi jinyar yayarta da ta haihu, ya tuɓe riga ya hau aiki. Ya goge kabad ɗin da samfefa ciki da waje, ya sauya kantocin, ya shafa man katako mai sheƙi har sau uku. Bai taɓa yin aiki da zuciya ɗaya irin wannan ba.

Ranar da Auta ta dawo, gwiwar Umma ta yi sauƙi, ta ce yau da ƙafarta za ta je. Suka sauko a hankali, Auta na riƙe da ita. Kafintan ya tarbe su da fara'a, ya yaye zanen da ya rufa, ya koma gefe yana jiran yabo.

Auta na ganin sheƙin ta gane abin da ya faru, tun kafin Umma ta kai hannu.

Umma ta buɗe ƙofar. Warin sabon mai ya bugo ta. Ta sa kanta ciki, ta shaƙa, ta sake shaƙa, ta koma ɗaya ɓangaren ta shaƙa. Sannan ta juyo.

"Wa ya sa ka?"

"Umma, na ga ya tsufa ne, na ce..."

"Ajiya na ba ka ko gyara?" in ji ta. "Ƙamshin mijina ne a ciki. Shi kaɗai ya rage mini, ka kankare shi."

Ta fita ba ta jira a riƙe ta ba. A gida ta ce wa Auta, "Kada in sake jin zancensa a ɗakin nan. Wanda bai san abin da ake bari yadda yake ba, ba zan ba shi 'yata ba."

Saƙonsa ya zo kafin magariba:

"Wallahi ban sani ba. Da na sani da hannuna zan yanke kafin in taɓa shi. Ki ce wa Umma ta yafe mini."

Ta amsa tana hawaye:

"Laifina ne, ni ce ban faɗa maka ba. Amma ba zan iya ƙara mata wani ciwon ba. Ka yi haƙuri da ni."

Wata biyu ta canza hanya, tana zagaye mai nisa don kada ta bi ta ƙofar shagon. Amma ina za ta guje masa? Ta ɗauko kofi, kantarsa ce. Ta ja durowa, aikinsa ne. Ta rame, Umma ma ta rame, suna zaune a ɗaki biyu kamar baƙin juna. Yaya ya samu ƙofa, ya fara kawo zancen aurenta da wani abokinsa mai babban gida. "Ƙofofinsa mota ma za ta shiga," in ji shi. "Ya ce Umma ta zaɓi ɗakin da take so, har da kabad ɗin." Auta ta ce, "Yaya, ni ba wurin ajiya nake nema ba." Ya yi fushi ya tafi.

Wata Asabar da hantsi ta sauko zubar da shara, ta same shi tsaye a gindin bene da wani ɗan akwati a hannu. Ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu.

"Ba roƙo na zo ba," ya ce, bai yarda sun haɗa ido ba. "Mu ba ma zubar da katako. Kantocin nan biyu da na cire suna nan, ban goge su ba, mai bai taɓa su ba. Da su na yi wannan. Ban sa gam ba don kada warinsa ya ɓata. Zai shiga durowar gadonta. Ki kai mata, ko ba ta yafe ba."

Auta ta hau da shi. Umma na zaune bakin gado. Ta ji bayanin, ta karɓa, ta ɗora a cinya. Ta daɗe kafin ta buɗe murfin, ta sunkuya ta shaƙa.

Sai kafaɗunta suka fara rawa.

"Babu ƙamshin komai, Auta."

"Umma..."

"Babu komai. Kuma ba kafintan ne ya kashe ƙamshin ba." Ta share ido da gefen mayafi, wasu hawayen suka biyo. "Tun wata na uku da rasuwarsa ƙamshin ya fara tafiya. Kwalbar turarensa ta ƙarshe nake ɗigawa a ciki ba ki sani ba. Ranar da muka kwashe kaya ta ƙare. Na san babu, shi ya sa nake aiken ki, don ki dawo ki ce mini yana nan."

Auta ta zube a gabanta. "Ni ma na daina ji tun sati na biyu da kai shi shago, Umma. Tsoron faɗa miki nake yi."

Suka rungume juna suka yi kukan da ba su yi tare ba tun ranar rasuwa, kowacce tana ɓoye wa 'yar'uwarta. Da suka tsagaita, Umma ta shafa akwatin, ta bi haɗin kusurwoyinsa da yatsa.

"Na rasa wanda zan yi wa fushi ne, sai na samu ɗan mutane," ta ce. "Yana ƙasa?"

Auta ta leƙa ta taga. Yana nan inda ta bar shi.

"Ce masa ya hawo. Gwiwata ba za ta kai ni ba."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Yaya da kansa ya tsaya a madadin Baba, ya gama fushinsa ya huce. Ɗakin da ango ya kama a ƙasa yake, kusa da shagon, bai fi nasu Umma girma ba, amma kabad ɗin ya shiga. Umma ce ta ce a kai shi can.

Ranar da Auta za ta tare, Umma ta hana kowa taɓa kayan. Da hannunta ta ninke tufafin 'yarta ta jera a dama, ta karɓi na angon ta jera a hagu, tana yi masa tsiya wai rigunansa duk garin katako ne. Ya sunkuyar da kai yana murmushi, Auta kuwa hawaye take yi, don ta san daga nan Umma ɗaki biyun nan za ta koma ita kaɗai.

"Kullum zan zo, Umma."

"Ki zo, amma ba kullum ba. Kina da gida."

Ta rufe ƙofar kabad ɗin a hankali, ta kamo hannun Auta ta sa a na mijinta, ta riƙe su tare.

"Ɗana, na yafe maka, kai ma ka yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ta gari. Allah ya sa ku tsufa tare, kada ɗayanku ya daɗe yana buɗe kabad ɗin nan shi kaɗai."

Suka ce amin.