Baƙin Da Ke Falon Mai Hoto

Labarin abin da ya faru a gidan Mai Hoto ya zo mini ta bakin mutum uku, kuma ba su faɗe shi iri ɗaya ba. Yayarsa ta ba da nata da zafi, ƙaninsa Auta ya ba da nasa yana tsallake wurare. Na dogara da na matarsa, Malama, domin ita kaɗai ce idan ta zo inda ba ta gani da idonta ba take cewa ba ta sani ba, kuma ban ji ta ƙara wa kowa laifi ba. Kwanakin da ba ta gidan kuwa, na ɗauki abin da bakin yayar da na ƙanin suka haɗu a kai.

Da la'asar sakaliya ne. Malama tana zaune a teburin falo tana duba takardun ɗalibanta, Mai Hoto yana kan kujerarsa, hannunsa na dama yana rawa a kan gwiwa kamar mai murza wani abu tsakanin yatsu. Ya daɗe yana kallon kusurwar da ke bayan ƙofa.

"Ƙifta," ya ce a hankali, "ki ba baƙin nan ruwa mana."

Ta ajiye biro. "Su wa suka zo?"

"Amarya da ango. Da wani tsoho mai sanda. Tun ɗazu suke tsaye, ba wanda ya ce uffan."

Malama ta dubi kusurwar. Babu komai sai bango da inuwar labule.

"Ni ban gan su ba, Maigida, amma na yarda kana ganinsu. Suna ba ka tsoro?"

"A'a. Tsayuwar ce ta yi musu yawa."

Ƙifta suna ne da shi kaɗai yake kiranta da shi. Tana budurwa ta shiga shagonsa ɗaukar hoton fasfo, duk lokacin da ya danna kyamara sai ta ƙifta ido, har fim ya kusa ƙarewa. Ya ce mata ta dawo gobe. Ta dawo, ta sake ƙiftawa, daga nan aka kai ga aure.

Cutar makyarkyata, wadda likitoci ke kira Fakinsin, da hannun nan ta fara, hannun da yake riƙe kyamara. Daga baya ta sauka ƙafa: yana cikin tafiya, da ya iso bakin ƙofa sai ƙafafunsa su kafe kamar an zuba musu siminti. Sannan ta taɓa tunani. Bangon falonsa cike yake da hotunan aikinsa na shekaru, na aure da na 'yan makaranta da na tsofaffi, kuma da yamma ta yi sai mutanen ciki su riƙa sauko masa.

Asibiti suka haɗa su da wata likitar fisiyo, mai koyar da atisayen motsa jiki, wadda ke zuwa gida. Ita ta ce a sauke hotunan, a rufe dogon madubin da ke lungu, a kuma manna farin tef a ƙasa, layi bayan layi, a bakin kowace ƙofa, domin idan idonsa ya ga layin da zai tsallake, ƙafar takan saki. Malama ta yi duka. Har babban hoton iyayensa marigaya ta sauke, ta naɗe shi a zane mai tsabta, ta sa a saman wadirof. Baƙin suka ragu, ko da yake ba su ɗauke ƙafa ba.

A wannan yammacin ne Yaya da Auta suka yi sallama, bayan an daɗe ba a gan su ba. Yaya ta tsaya daga bakin ƙofa. Ta dubi fararen layukan da ke gaban ƙafarta, ta dubi bangon da babu komai sai shatin inda hotuna suka zauna, ta dubi madubin da aka lulluɓe.

"Ikon Allah! Malama, wannan zane-zanen fa? Waye ake tsallakarwa?"

"Yaya, likita ce ta ce..."

"Ina hoton Inna da Baba?"

"Yana nan a adane. Ku zauna in kawo ruwa, sai in yi muku bayani."

Auta ya tsallake layukan da tsalle ɗaya, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Anti, gaskiya wannan setin naki sirias ne. Kamar fim ɗin ban tsoro, wallahi."

Malama ta shiga kicin. Da ta fito da tire, ba ta yi magana ba, ta nufi wajen mijinta ta miƙa masa kofi. Ya ɗaga kai ya dube ta. Kallon ya yi tsawo. Sannan ya janye jikinsa zuwa ƙarshen kujera.

"Yaya," ya ce da raɗa, "wace ce wannan?"

"Kamar yaya wace ce? Matarka mana!"

"Ta yi kama da ita. Har tabon haɓar an yi mata. Amma ba ita ba ce." Ya juyo ga Malama cikin ladabi, irin wanda ake yi wa baƙo. "Baiwar Allah, ina kika kai matata?"

Tiren ya suɓuce. Bai taɓa yi mata haka ba sai ranar.

"Maigida, ni ce! Ƙifta ce!"

"Kin ji ko? Har sunan an gaya mata."

Yaya ta miƙe tana tafa hannu. "To, Allah ya tona! Mara lafiya ma ya gane. An sauke masa iyaye daga bango, an rufe madubi, an zana masa ƙasa yana tsallakawa safe da yamma, yau ga shi yana gudunki. Me kika yi wa ɗan'uwana?"

"Yaya, ki ji tsoron Allah!"

"Shi nake ji, shi ya sa ba za ki kwana da shi ba. Ki tafi wajen 'yan'uwanki sai mun ga abin da ake ciki. Ni zan zauna da shi."

Malama ta dubi Auta, ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Ta dubi mijinta, ta ga duk motsin da ta yi sai ya ƙara ƙanƙame hannun kujera. Wannan ne ya fitar da ita, ba faɗan Yaya ba. Ta haɗa kaya kaɗan tana hawaye, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Na roƙe ki abu uku, Yaya. Kada ki ɓare tef ɗin nan. Kada ki mayar da hotuna. Maganinsa kuma a kan lokaci, ko yana barci a tashe shi."

"Na raine shi tun ba a haife ki ba. Sauka lafiya."

Washegari Malama ta je asibiti ta sami likitan ƙwaƙwalwar da ke duba shi, ta faɗa masa komai. Ya ce abin sananne ne ga wasu masu wannan cuta: ido yana gane fuska, amma jin daɗin nan da zuciya ke yi idan ta ga nata ba ya zuwa, sai ƙwaƙwalwa ta yanke cewa wata ce aka kawo mai kama da ita. Ya ce sau da yawa kunne ba ya ruɗewa tare da ido, don haka ta riƙa fara yi masa magana tun daga bayan ƙofa, ya ji muryar kafin ya ga fuskar. Ya kuma ce a kawo shi a sake duba magungunansa. Malama ta kira Yaya don ta gaya mata, ba a ɗaga ba.

A can gidan kuwa, Yaya ta durƙusa ta ɓare tef ɗin tas. Auta ya hau kujera ya mayar da hotuna ɗaya bayan ɗaya, aka rataye na iyayen a tsakiya, aka yaye wa madubi mayafi. Magani kuma sai an tuna.

Kwana na farko idanun Mai Hoto suka yi ta yawo a falon. A na biyu ya ƙi sauke ƙafa daga kujera, ya ce akwai 'yan makaranta zaune a ƙasa, kada ya taka su. Ya daina bin lungu, domin wani tsoho mai rawar hannu yana tare masa hanya. Yaya ta riƙa cewa, "Babu kowa! Ka yi addu'a!" Duk lokacin da ta faɗa, sai ya dube ta da tausayi, kamar ita ce ba ta da lafiya.

Wata yamma tana miƙa masa shayi, sai ya gyara zama, ya rusunar da kai.

"Sannu da zuwa, Inna."

Yaya ta daskare. "Da wa kake?"

"Inna ce ta sauko. Tana bayanki. Kada ki juya da sauri, ta dafa kafaɗarki."

Yaya ta ce ta ji sanyi a kafaɗar hagu, kuma har yau ba ta janye wannan magana ba. Kofin ya faɗi ya fashe. Mai Hoto ya yunƙura ya tashi, ya ce falon ya cika, zai ba manya wuri. Ya ja ƙafa har bakin ƙofar ɗaki, nan ya kafe. Jikinsa ya karkata gaba, ƙafafun suna karkarwa a wuri ɗaya.

"Taho mana!" in ji Yaya.

"Ba ƙasa a gabana."

Auta ya kama hannunsa. "Babban yaya, rilas kawai, saki jikinka, zan ja ka." Ya ja. Jikin ya tafi, ƙafar ba ta bi ba. Goshinsa ya bugi katakon ƙofa, jini ya zubo. Suka ɗaga shi da ƙyar, ya tsaya riƙe da ƙofar, ya ƙi gaba ya ƙi baya, yana kiran suna ɗaya.

"Ƙifta! Ina Ƙifta? Ku nemo mini matata!"

Auta bai nemi izinin kowa ba, ya kira ta.

Malama ta iso tare da likitar fisiyo. Yaya ce ta buɗe musu, idanunta jajur, ta matsa gefe. Malama ba ta shiga falon ba. Ta tsaya bayan labule, inda ba zai gan ta ba, ta share hawaye, ta saita murya.

"Maigida, na dawo. Motar haya ce ta ɓata mini lokaci. Wa ya bar takalmi a hanya? Kai ne ko?"

Sannan muryarsa ta fito tana rawa.

"Ƙifta?"

"Na'am. Ga ni nan shigowa. Ina ɗaga labule, ka ji? Na shigo, ina tahowa ta damarka." Ba ta daina magana ba har ta iso gabansa.

Ya dube ta.

"Ina kika shiga?" ya ce. "Wata ta zo nan da kayanki a jikinta. Na ƙi karɓar ruwanta."

"Ga ni dai yanzu," ta ce, hawaye na zuba. "Ba inda zan sake zuwa."

Likitar ta matso, ta ce kada kowa ya ja shi. Ta miƙa ƙafarta a gabansa a gicciye. "Baba, ka ga takalmina? Shi kaɗai za ka tsallake. Ɗaga sosai." Ya dubi takalmin, ya ɗaga ƙafa, ya tsallake. Ta sake sawa, ya sake tsallakewa. Haka ya kai bakin gado.

Yaya ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. "Layukan nan... don wannan ne?"

"Don wannan ne, Mama," in ji likitar tana wanke masa goshi.

Da aka ɗaure raunin, suka zauna a falo. Likitar ba ta ɓoye musu komai ba. Ta ce cutar ba ta warkewa, amma ana rage mata ƙarfi da atisaye da magani a kan kari. Ta ce yana buƙatar mai koya masa magana da haɗiya, domin muryar ta fara shigewa, yana buƙatar ƙarfen dafawa a banɗaki, kuma a riƙa kunna fitilu tun rana ba ta faɗi ba, saboda duhun magariba ne ke tara masa baƙi. Ta ce wata rana zai iya sake rasa gane matarsa.

"Abu na ƙarshe," ta ce, "matar nan ita kaɗai take aikin mutum huɗu, ga makaranta. Idan ta faɗi, shi ma ya faɗi. Wa zai karɓe ta?"

Auta ya ce kai shi asibiti da ɗauko shi nasa ne. "Tef ɗin ma ni zan manna, Anti. Da rula zan auna."

Yaya ta tashi, ta hau kujera da kanta duk da ciwon gwiwa, ta sauke hoton iyayensu, ta rungume shi. Ta juyo ga Malama.

"Ƙanwata, na zalunce ki. Ki yafe mini, ki koya mini yadda ake shigar masa ɗaki."

"Na yafe, Yaya. Ki dai fara da faɗa tun daga tsakar gida, zai san ke ce."

Aka yi dariya, har da mai goshi a ɗaure.

Abin da za a ɗauka a nan a fili yake. Wanda ya zo duba mara lafiya ya tarar da abin da bai gane ba, ya tambayi mai jinya kafin ya yanke hukunci, domin abin da ya yi kama da mugunta a idon baƙo yakan zama shi ne jinyar. Ƙauna da haƙuri su suka riƙe Malama har gaskiyarta ta fito, amma ƙauna ba ta maye gurbin likita, kuma haƙurin mutum ɗaya ba ya ɗaukar abin da ya kamata dangi su raba.

Waɗanda suka halarci wannan zama su ne Mai Hoto, da matarsa Malama, da Yaya, da Auta, da likitar fisiyo. Mai Hoto ya ce akwai kuma wata mata mai lema a bakin taga, wadda ta saurara har aka gama. Ba wanda ya yi masa gardama. Yaya ce ta tashi ta kunna fitila.