Ki Cire Kwaɗon Nan

Ranar kasuwar Gaya ce, shagon Sagiru ɗan Kademi ya cika da masu sayen irin wake da maganin feshi, sai fanka ta tsaya cak. Ya ja tsaki, ya buɗe akwatin wutar sola zai cusa hannu, kawai ya ji an make masa hannun da jaka.

"Malam, ka gaji da duniya ne? Kashe wutar tukuna."

Ya juyo a fusace, faɗan da ya ɗauko ya maƙale masa a wuya. Budurwa ce doguwa mai shuɗin mayafi, ta tsare shi da ido, ko alamar ban haƙuri babu a fuskarta. Ita ta kashe wutar, ta duba, ta nuna masa wayar da ta saki. Sannan ta sayi irin da mahaifinta ya aiko ta, ta juya za ta tafi.

"Ranki ya daɗe, wanda aka daka ai ya kamata ya san sunan wadda ta dake shi."

"Naja'atu. Daga Toranke."

Shi ke nan Sagiru ya kamu. Kwastomomin da suka biyo baya ranar, wani ya nemi taki aka miƙo masa maganin ƙwari.

Kafin mako ya zagayo babur ɗinsa ya haddace hanyar Toranke. A can ya ji cewa hutu ta zo. Injiniya ce a wata cibiyar bincike a Turai, inda aka haƙa dogon rami mai zagaye a ƙarƙashin ƙasa, ana tsere da ƙwayoyin zarra a cikin bututu don a gano yadda halitta take.

"Ke kuma mene ne naki a ciki?" ya tambaye ta, suna zaune a soron gidansu.

"Ka san yadda ake shigar da maraƙi cikin garken da yake tafe? Sai an taɓa shi da sanda daidai lokacin da ya dace, in aka makara ya bauɗe. To mu ma muna da wasu manyan maganaɗisu a bakin zagayen. Idan sababbin ƙwayoyi suka iso, su ke yi musu shuri ɗaya su faɗa kan hanya. Ƙiftawar ido ma ta yi musu tsawo. Ni nake kula da su."

"Masu shuri kike kiwo ke nan. Shi ya sa hannunki yake da zafi."

Ta yi dariya har da rufe baki. Daga ranar ya raɗa mata Injiniyata, ita kuma take ce masa Mai Shago.

Bappa Gaji, mahaifinta, bai yi murna da wannan zirga-zirgar ba. Dattijo ne mai ƙarancin magana, ya bar yawon kiwo ya zauna noma, 'yan shanunsa na nan bayan gida. Da magabatan Sagiru suka je gaisuwa, ya karɓe su da fura, ya saurare su, sannan ya ce:

"Ban ƙi yaron ba. Amma na lura da shi, ko ɗan acaɓa ya gaishe ta sai fuskarsa ta canja. Wanda zai auri Naja'atu sai ya iya haƙuri da nisa. A dakata tukuna."

Gaskiya Bappa bai yi masa ƙazafi ba. Sagiru mutumin kirki ne, ga hannun kyauta, amma kishi ya yi masa katutu. Ga kuma Anas. Anas ɗan aminin Bappa ne, tare suka yi jami'a da Naja'atu, tare suka samu aiki a cibiyar, kuma an ce iyayensa sun taɓa yin maganarta. Sagiru bai taɓa ganinsa ido da ido ba, amma ko sunan aka ambata sai abinci ya fita ransa.

Da hutu ya ƙare ta koma, aka dawo soyayyar waya. Lokacin ne kuma aka tsayar da babban injin gaba ɗaya don gyara. Ta yi masa bayani cewa maganaɗisun nata sun fara ɗaukar zafi fiye da kima tun da aka ƙara yawan ƙwayoyin, kuma in suka yi zafi shurinsu rauni yake yi. Za su sauke tsofaffin, su sa musu sabon bututun tangaran da hanyar sanyaya su, su mayar. Shi dai abu biyu ya riƙe a cikin bayanin: in ta sauka ƙasa ba ta taɓa waya sai ta fito, kuma doka ce ba a sauka mutum ɗaya.

"Da wa kike sauka?" ya rubuta mata.

"Da Anas mana, rukuninmu ɗaya. Mai Shago, kada ka fara."

"Ban fara komai ba. Duk Turawan garin sun ƙare ne?"

"Kai dai ka ci abinci. Yau mun ciro na farko, ka ga cikinsa tas, ko ƙwayar datti ɗaya ba a so ta shiga. Na yi kewarka, wallahi ko a ƙarƙashin ƙasa kana raina."

Sai ya karanta saƙon ya yi murmushi, can kuma ya koma kan sunan Anas ya ɓata rai. Haka ya yi ta yi har damina ta kankama.

Wata safiya yana buɗe shago ya duba waya, ya ga hoton da ta ɗora. Jan kwaɗo ne guda biyu rataye a jikin wani ƙarfe, kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya an rubuta Naja'atu, ɗaya an rubuta Anas. A ƙasa ta sa: "Wata ranar kuma, Allah ya fito da mu lafiya."

Sagiru ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ai ya san wannan. Ya sha gani a waya yadda masoya a Turai suke rubuta sunayensu a kwaɗo, su kulle a jikin gada, su jefa mukulli a kogi, wai alƙawarin ba rabuwa. Ashe abin har ya kai nan, kuma a bainar jama'a! Nan take ya rubuta mata:

"Na ga kwaɗonku. Na gode. In har kin taɓa sona da gaske, ki cire naki yau ɗin nan, yanzu, kafin ki yi komai. In ba ki cire ba, ki ɗauka ba ki taɓa sanina ba."

Alama ta nuna ta karanta. Ba ta amsa ba. Ya kira, ba a ɗaga ba, ta riga ta sauka.

Ya rufe shago, ya hau babur, bai ko tsaya gaisawa da maƙwabta ba. Hanyar Toranke duk taɓo, gero ya kai gwiwa hagu da dama, shi ko kallo bai ishe shi ba. Ya samu Bappa a gindin darbejiya yana tufka igiya. Ya durƙusa ya gaishe shi sama-sama, ya miƙa wayar.

"Bappa, ka gani da idonka. Da an gaya mini an ba wani, da na haƙura tun tuni."

Bappa ya nisanta wayar da idonsa, ya duba hoton.

"Wannan ai kwaɗonta ne na aiki."

"Na aiki?"

"Kafin in bar ta ta tafi, sai da na zaunar da ita a nan inda kake, na ce ta gaya mini abin da zai hana wutar nan cinye ta. Ta ce wutar da ke shiga abin nan ta fi ta tiransifomar gari nesa ba kusa ba. Duk wanda zai sa hannu a ciki, sai an kashe wuta, sannan ya kulle makunnin da kwaɗonsa, mai sunansa, ya sa mukulli a aljihu. In su goma ne, kwaɗo goma. Muddin nata yana rataye, ko shugabansu bai isa ya kunna ba. Kullum ta rataya sai ta aiko wa uwarta hoto, hankalinmu ya kwanta." Ya ɗago ya dube shi. "Me ka ce mata?"

Bappa ya ja hoton ƙasa da yatsa, ya ba A'isha ƙanwar Naja'atu da ta kawo ruwa, ya ce ta karanta masa saƙon da Sagiru ya tura. Ta karanta, muryarta na raguwa har ta kai ƙarshe.

Bappa ya ajiye igiyar.

"Ka ce wa 'yata ta cire abin da ke tsare ranta, don ka san tana sonka."

Ba tsawa ya yi ba, amma da marinsa ya yi da ya fi wa Sagiru sauƙi. Sagiru ya karɓi wayar ya shiga kira. Ya kira, ya sake kira. Ya rubuta: "Kada ki cire! Don girman Allah kada ki cire! Na janye, ban sani ba." Saƙon ya tafi, ba a buɗe ba. Sai ya tuna yadda take da zuciya, ya tuna ta karanta ba ta ce uffan ba. Ya roƙi A'isha lambar Anas, mutumin da ko sunansa ba ya son ji, ya tura masa: "Ɗan'uwa, ni ne Sagiru. Ka taimake ni, ka duba kwaɗon Naja'atu, kada ka bari ta taɓa komai sai yana kulle." Shi ma shiru.

Aka kira azahar, ya bi Bappa masallaci, ya daɗe a sujada har sahu ya watse. Aka kawo tuwo bai taɓa ba. Ya koma gindin bishiyar ya zauna a ƙasa, waya a tafin hannu, hawaye na zuba ba ya ko sharewa. Bappa na gefe yana tufkarsa, yana kallonsa ta wutsiyar ido.

Sai bayan la'asar wayar ta yi ƙara.

"Mai Shago, na fito lafiya. Ban cire ba, kuma ba zan cire ba ko da kai da duk dangin Kademi za ku yi fushi. Ina sonka, amma so ba ya sa in kashe kaina, ya sa in dawo maka da raina ne. Na yini da ɓacin ranka, sai da Anas ya nuna mini saƙon da ka tura masa na huce. Ya ce in gaya maka bikinsa da Khairiyya bayan sallah ne, kuma kai zai fara gayyata. Ka ci abinci, na san ba ka ci ba."

Sagiru ya karanta, ya kifa goshinsa a ƙasa. Da ya ɗago ya matsa gaban dattijon.

"Bappa, ka yi gaskiya a kaina. Ko ba ka ba ni ita ba, wallahi ya ishe ni tana numfashi."

Bappa ya tura masa kwanon tuwon.

"Da safe kanka ka zo nema wa haƙƙi. Tun azahar kuwa ban ji ka ambaci kanka ba. Ci abinci. In sun gama gyaran ta dawo, ka turo manyanka."

Gyaran ya ɗauki watanni. Suka mayar da maganaɗisun ɗaya bayan ɗaya, aka gwada su da wuta, zafin ya sauka kamar yadda ake fata. Bayan an yi girbi Naja'atu ta dawo, aka ɗaura aure a ƙofar gidan Bappa, mutanen Kademi da na Gaya suka cika Toranke. Anas ya zo da amaryarsa, Sagiru ya rungume shi, ko da yake masu lura sun ce bai daɗe a rungumar ba. Bappa ya dafa kawunansu ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya tsare ta a ƙarƙashin ƙasa da samanta, jama'a suka amsa da amin.

An yi shawara za ta ƙarasa wa'adin aikinta, shi kuma yana kai mata ziyara in an gama shuka. Safiyar da ta fara komawa bakin aiki, tun kafin ta sa takalmi saƙonsa ya shigo.

"Injiniyata, kin sa kwaɗon?"

Ba a jima ba hoto ya iso, jan kwaɗo mai sunanta a kulle gam.

"Na sa, angona. Mukulli na aljihuna."

"Alhamdulillah. Allah ya fito mini da ke lafiya. Amma don Allah gobe ki ɗan matsar da shi, ya cika kusa da na Anas."