Igwar da Ke Shiga Tafin Hannu

"Inna, Baba ya ce a maido maku kayanku! Ya ce babu aure!"

Haka Muzdalifa ta faɗo mani gida da hantsi, ko sallama babu, idanunta jawur. Tun daga Bungudu yarinyar nan ta shigo mota har Tsafe ita kaɗai, a hanyar da maza ma sai sun yi addu'a kafin su hau.

Na ajiye rariyar da ke hannuna. Wata biyu ya rage a ɗaura mata aure da autana Lukuman.

"Zauna, ɗiyata. Mi ya yi?"

"Bai yi komi ba, Inna... Wallahi bai yi komi ba! Hoto ne."

Ta miƙo mani waya. Ni ban san baƙi ba, amma Allah ya ba ni ido. Igwa ce a girke, bakinta na kallon daji, ƙafafunta duk tsatsa da laka. Kusa da ita bindiga mai jigida a kan ƙafa uku. Can baya ga dutsen Kwatarkwashi.

Na san igwar nan sarai. Ni na tara wa Lukuman gwangwanayen madarar da ya ƙera ta da su, kuma tsawonta bai wuce yatsana ba.

"To wannan ai abin wasan Lukuman ne. Wa ya mutu?"

"Yaya Yazid ne ya tura wa Baba. Ya ce mashi ga irin aikin da surukinsa ke yi wa mutanen daji." Ta goge ido da gefen mayafi. "Jiya bayan La'asar Baba ya tsaya a ƙofar masallaci yana nuna wa mutane. Ya ce Allah ya tsare shi, saura kaɗan ya ba maƙerin ɓarayi ɗiyarsa..."

Maƙerin ɓarayi!

Ɗana!

Mu da ɓarayin nan suka kore wa shanu, suka ƙona mana rumbuna, muka baro 'Yankuzo da tabarma a kai? Kuma a ƙasar nan kowa ya san abin da wannan kalma ke jawowa. Ba a kai mutum gaban alƙali a kanta. Tare shi ake yi a hanya, sai dai uwarsa ta ji labari.

Yazid ɗin nan ɗan ƙanwar Alhaji Garba ne, mahaifin Muzdalifa. Shekara uku yana zarya da mota da turare, ita ko kallo bai ishe ta ba. Lukuman kuwa maƙerin fari ne a Sabon Garin Gusau, yana yin murhu da akwatin ƙarfe da mazurari. Murhu Muzdalifa ta je saye ta ga wata ƙaramar tankar yaƙi a kan kantar rumfarsa, ta tambaya, ya buɗe baki, har aka yi Azahar ba ta tafi ba.

Sha'awar nan tasa ta samo asali daga kakan ubansa. A yaƙin Turawa na farko aka kwashe su zuwa Kamaru dakon igwa, ana wargaza ta, kowa ya ɗauki yanki a ka. Shi ƙafa ɗaya ya ɗauka har tsakar kansa ta sanƙe. Tun Lukuman na ƙarami yake jin labarin, da ya girma sai ya dinga neman hotunan kayan yaƙin wancan zamani yana ƙera su ƙanana. Kowane taku talatin da biyar na gaskiya ya mayar da shi taku ɗaya, yana awo kamar mai auna zinariya. In ya gama ya jiƙa da ruwan gishiri ta yi tsatsa, ya shafe da jar ƙasa. Ni dai na sha ce mashi wahalar banza ce, amma ban taɓa jin ta yi wa kowa illa ba.

Na yafa mayafi.

"Tashi mu tafi Gusau."

Mun iske rumfarsa a buɗe, maƙwabta na leƙe daga nesa, babu wanda ya amsa mani sallama da kyau. Maganar ta riga mu isowa ke nan. Shi kuma yana durƙushe, ya zube kayan nan duka a ƙasa, guduma a hannu. Har ya riga ya murƙushe motar sulke guda, wadda ya yi wata huɗu yana yi.

"Yaya Lukuman!"

Muzdalifa ta yi tsalle ta faɗa tsakaninsa da su.

"Matsa, Muzda."

"Ba zan matsa ba!"

"Su suka raba ni da ke..."

"Ƙarya ne! Yazid ne, da Baba da bai tambaya ba!"

"Laifina ne, hasken idona." Ya kasa ɗaga kai. "Ni na kwanta rub da ciki na ajiye waya a ƙasa. Na kawar da takalmina, na tsince ko da karan ashana, don kada a ga abin da zai nuna girmanta. Haka masu wannan aiki ke yi. In mutum ya kalli hoton ya rantse ta gaske ce, to ka iya. Har murna na yi da na ɗora shi a intanet wani ya rubuto yana tambaya a wane bariki na ɗauka..."

"To ka iya ɗin! Sai ka fasa don ka iya?"

"In na fasa wataƙila Baba ya huce."

"In ka fasa, masoyina, da mi za ka nuna mashi? Sai a ce ka ɓoye shaida!" Hawaye na zuba tana magana. "Ni da hannuna na yanka maka jigidar bindigar can, harsashi sittin, har yatsuna suka fashe. In kai maƙerin ɓarayi ne, to ni ce yarinyar shagonka. Sai a kama mu tare!"

Ya dube ta, gudumar ta sulale.

"Ba ki tsoro?"

"Ina tsoro mana... Tsoron a wayi gari babu kai."

Na bar su suka gama, don ni ba soyayya ta kawo ni ba. Na jawo wani farantin silba na shiga jera kayan: igwa, bindiga mai jigida, tankar nan mai kama da akwatin da aka zauna wa gefe, da motar da ya murƙushe. Na rufe da faifai.

"Inna, ina za ki?"

"Wurin surukinka."

"Don Allah ki bari a tura manya..."

"Ubanka ya rasu, baffanninka na sansanin gudun hijira. Ni ce manya! Rufe rumfa ka biyo ni."

Ana sallame La'asar muka isa Bungudu. Na tsaya daidai inda ake cire takalma, faranti a kaina kamar mai tallar ƙosai. Maza suka fara fitowa suna kauce mani. Wani dattijo ya ce, "Baiwar Allah, nan ba wurin mata ba ne."

"Awo, na sani. Nan ne wurin da ake kashe ɗan mutane da baki. Ina Alhaji Garba?"

Ya fito da carbi, Yazid na bayansa riƙe da makullin mota. Da ya hangi Muzdalifa kusa da ni fuskarsa ta canza.

"Ke! Wa ya ba ki izinin fita? Hajiya Tambaya, in magana ce mu je gida."

"Ni ba Hajiya ba ce, ban je ba tukuna. Kuma da za ka yi taka maganar gida ka je? Miƙo hannunka, Alhaji."

"Mi?"

"Hannunka!"

Ya miƙo, ina jin don mamaki. Na ɗaga faifai na ɗauko igwar na ɗora mashi a tafin hannu. Ta zauna daram, har da sauran wuri.

"Ga makamin. Riƙe da kyau kada ta tashi da kai."

Maza suka matso suna leƙe. Sai wani ya ce a kawo hoton. Aka fiddo waya, aka kara, kai ya haɗu da kai. Ga tsatsar nan a ƙafar hagu, ga lanƙwasar nan a baki. Liman ya sa tabarau ya juya igwar, sai ga tambarin madara a cikinta, rabin hoton saniya.

Wani ya tuntsire da dariya, saura suka kama.

Ni ban yi dariya ba.

"Ku daina! Abin dariya ne? Da wani ya tare ɗana jiya a hanyar Tsafe, yau zaman makoki nike, ku kuna nan kuna cewa ai dama an faɗa!"

Yazid ya matso yana murmushin dole.

"Kawu, ni ma haka aka turo mani. Wa zai gane a hoto?"

"Kai za ka gane, Yaya Yazid."

Muzdalifa ce. Ta matso ta tsaya gabansa.

"Ranar Sallah ƙarama ka kai ni rumfarsa. Ka ɗauki wannan igwar da yatsu biyu, ka ce in rasa wanda zan aura sai mai wasan gwangwani. Ka manta? Ga Alƙur'ani a ciki, shiga ka dafa ka ce ba ka taɓa ganinta ba!"

Ya dubi ƙofar masallaci, ya dubi kawunsa. Bai motsa ba.

Alhaji Garba ya daɗe yana kallon abin da ke hannunsa. Na san an taɓa ɗauke ƙanensa a gona, wata uku kafin ya dawo, ya dawo ba shi da lafiya. Na san tsoro ne ya rufe mashi ido. Amma ni ma an yi mani, ban ɗora wa ɗan kowa ba.

"To," ya ce a hankali, "an yi kuskure. A bar kayan aure inda suke. Rana tana nan yadda aka sa. Shi ke nan, magana ta wuce."

"Ba ta wuce ba."

"Inna..." Lukuman ya taɓa mani mayafi.

"Sake ni! Alhaji, aure naku ne kai da ɗiyarka da wanga yaro. Sunansa kuwa nawa ne, ni na yi naƙudarsa. Da ƙarfi ka ɓata shi, ba za ka gyara da raɗa ba. Mutanen da suka ji jiya sun kai Gusau, sun kai Tsafe. Ka faɗa yadda na bayan sahu zai ji, a ɗauka a waya, a tura duk inda hoton ya je. In ba haka ba, na rantse ɗana ba zai shiga gidanka ba ko ɗiyarka za ta mutu don sonsa!"

Muzdalifa ta durƙusa a gaban ubanta.

"Baba... don Allah."

Liman ya ce, "Alhaji, haƙƙinta ne."

Alhaji Garba ya yi shekara talatin yana aikin gwamnati, ba a saba ce mashi yi ba. Na ga gumi na bin wuyan rigarsa. Ya hau matakalar masallaci, igwar na hannunsa har yanzu, ya share murya.

"Jama'a, ni Garba, jiya na yi wa Lukuman ɗan Malam Abdulrahman ƙazafi. Ban bincika ba. Ba shi da alaƙa da ɓarayi. Ina roƙonsa gafara, shi da mahaifiyarsa."

"Ban ji ba," na ce. "Kunnena ya tsufa."

Ya sake faɗa, wannan karon har masu shago na tsallaken titi suka miƙe.

Lukuman ya rufe fuska da hula yana kuka. Muzdalifa ta juyo ta dube shi, tana hawaye tana dariya.

"Ka ji, abin ƙaunata? Ka ji?"

An ɗaura aure ranar da aka sa, ba a ɗaga ko kwana ɗaya ba. Alhaji da kansa ya riƙo hannun Lukuman ya zagaya da shi cikin mutane. Shi na yafe mashi, don ya tsaya a inda ya yi ɓarna ya gyara.

Yazid kuwa sau uku yana aiko mani da manya har Tsafe, wai a yi haƙuri, sharrin Shaiɗan ne. Na ce su gaya mashi Shaiɗan ba shi da waya. Matakalar masallacin Bungudu tana nan ba ta rushe ba, ranar da ya hau ta ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, a zo a kira ni.

Har yau ina jira.