Motar da Ta Daina Kifewa

Sufeto Abessolo ba ta iya zama ba tun da aka kawo ƙarar. Manyan mutane masu furfura, wai suna rigima kan motocin wasa masu rimot! Amma abin ya wuce dariya, domin tun safe Malam Owona yake tsare a ofishinsu na Yawunde, kuma amininsa ne ya nuna shi da yatsa.

Aminin, Pa Tchamba, maƙerin inji ne. Da hannunsa ya ƙera wa motarsa ƙafafu da gatari na tagulla, masu nauyin da ke hana ta kifewa a kan dutse. Jiya aka kwance su kaf, aka sace a rumfar kulob ɗinsu.

"Owona kaɗai ke da makulli!" in ji Tchamba, yana huci. "Ni ya ci wa amana, Madam!"

Ta zagaya rumfar, ta sake zagayawa. Ƙofa lafiya lau, amma allon baya ya ɗan ɗage. A ƙasa kuma ga feshin baƙin fenti, bai gama bushewa ba.

Ta fita wajen duwatsun da suke gasa. 'Yan kulob na cin soya, wato tsire, suna ta tsegumi. Gefe guda wani lauya mai suna Bilounga ya rungume motarsa kamar jariri.

"Kai fa, Maigida, jiya kana ina?"

"Kotu, ranki ya daɗe. Ni tawa ma duk roba ce."

"Kunkuru ke nan!" wani ya yi ihu. "Kullum tasa a rigingine take!"

Aka fashe da dariya. Ta miƙa hannu za ta ɗaga motar, ya ja da baya. Ta zarge shi, amma ba ta da hujjar taɓa kayan lauya.

Sai ta nuna dutse mafi tsayi. "Wannan fa, wa ke hawansa?"

"Pa Tchamba kaɗai."

"Ashe dai gaskiya ne," ta ce, tana kallon Bilounga a wulaƙance. "Wasu kallo kawai suke zuwa."

Da ya yi shiru da ya tsira. Amma ya ajiye motar, ya damƙi rimot. Motar ta kama dutsen a hankali, ta karkace daidai inda ta saba tuntsurawa, kowa ya buɗe baki zai yi dariya. Ba ta faɗi ba. Ta haye har ƙoli.

Sufeto ta hau da kanta, ta ɗauko ta da hannu biyu. Nauyi kamar turmi. Ta kankare baƙin fentin ƙafa ɗaya da bakin wuƙar mai soya, tagulla ta fito tana ƙyalli.

"Robar ke nan?"

Bilounga ya sunkuyar da kai. "Ni ne. Ta baya na shiga. Shekara da shekaru suna yi min dariya, har matata ta fara kirana Kunkuru."

Wani kofur ya sa masa ankwa. Ana tura shi mota ya waiwayo. "Amma dai kun ga na hau, ko?"

Pa Tchamba ya tsaya riƙe da ƙarafansa, duk hucin ya kwanta, kunya ta rufe shi.

"Madam," ya ce a hankali, "yanzu me zan ce wa Owona?"

Ta buɗe ƙofar mota. "Wannan kam, Baba, ba aikin 'yan sanda ba ne."