Fumfunar Burodin Baba

A ɗakin gwaje-gwaje Dogo ya fara ganin Gimbiya, tana leƙen farantin gwajinta kamar mai duban jariri. Shi yana kiwon wata farar fumfuna da ya ɓamɓaro a jikin ruɓaɓɓen itace. Ita kuwa 'yar mai gidan burodi ce, tata fumfunar koriya shar.

"Mu haɗa su faranti ɗaya," in ji shi. "In suka yi faɗa, kowacce za ta fitar da sinadarin da ba ta fitarwa ita kaɗai."

"Daga sallama sai haɗa faɗa?" ta ce, tana dariya.

Bayan 'yan makonni saƙonsa ya shigo: "Gimbiyata, wani jan layi ya fito inda suka haɗu. Zo ki gani."

"Layin zan gani ko kai?"

"Duka biyun."

Gwaji ya nuna jan sinadarin sabo ne fil, kuma yana kashe ƙwayoyin cuta masu taurin kai. Amma da maganar aurensu ta isa gidan su Gimbiya, mahaifinta Baba ya tubure.

"Mai kiwon fumfuna? Ni da na ƙare rayuwata ina yaƙi da ita! Ke ma haƙuri nake yi da aikinki. Ban yarda ba."

Ta sha kuka, wallahi har ta rame. Dogo bai yi fushi ba. Ya rufe farantin ruf, ya nufi gidan burodi, ya durƙusa kusa da buhunan fulawa.

"Baba, farar nan tawa ce, ita kaɗai ba ta tsinana komai. Koriyar kuwa daga burodinku Gimbiya ta ɗauko, wanda kuka zubar."

"Burodina ba ya fumfuna!" Baba ya daka tsawa.

Sai kuma ya goge hannu, ya ɗaga farantin sama, ya daɗe yana kallon jan layin.

"Yanzu wannan zai iya zama magani?"

"Muna sa rai, Baba."

"Kuma ba a samu a burodin kowa ba sai nawa?"

"Sai naku."

Ranar ɗaurin aure babu baƙon da ya tsira. Kowa Baba ya kama sai ya ba shi labari, yana dukan ƙirji: "'Yata da surukina ne suka gano, amma fumfunar tawa ce!"

Da zai sallami ango da amarya ya riƙe hannayensu, idonsa ya ciko.

"Allah Ya yi muku albarka. In kuna buƙatar wata, ku zo gida, kada ku je wajen kowa."