Madarar da Ta Ƙi Kamawa

Sufeto Lukuman bai gama kafe babur ba a ƙaramin asibitin Kalgo, Malama Zulai ta ɗakin gwaji ta tare shi.

"An sace allurai kwali guda, yallaɓai! Zo ka gani."

Ta nuna masa farantin gilashi da ƙwayoyin cuta suka lulluɓe, da 'yan takardu a kai, kowace da maganinta.

"Cutar wata yarinya ce, Hadiza. Inda ka ga fili kewaye da takarda, maganin yana kashe cutar. Ɗaya kaɗai ya yi fili, shi aka sace. In bai dawo ba, za mu rasa ta."

Ɗahiru mai tsaron sito ya yi ta rantsuwa. "Ranka shi daɗe, ta taga ɓarayi sunka shiga."

Taga kuwa ko kyanwa sai ta yi dabara kafin ta shiga.

Ya garzaya kasuwar Gwandu, ya birkice kayan masu tallar magani, ko ƙyas. Haushi da yunwa suka kai shi wurin Kulu mai fura.

"Babu kindirmo, yallaɓai. Tun da saniyarmu ta yi ciwo, madara ta ƙi kamawa."

Sufeto ya dube ta da sauri. "An yi mata allura?"

Mijinta Bawa ya yi caraf. "Saiwa kawai munka ba ta."

Sufeto ya sayi madarar kwalba guda ya kai wa Zulai. Ta tsoma takarda a madarar, ta ɗora a sabon faranti. Washegari sai ga fili fes kewaye da ita!

"Akwai magani a madarar nan," in ji ta. "Shi ya kashe abin da ke sa ta tsami."

Da aka kawo Bawa ya ga farantin, sai gumi. Ya nuna Ɗahiru. "Shi ne likitan shanunmu."

Ɗahiru ya durƙusa. "Ni na ɗauka. Saura na cikin rumbuna. Wallahi ban san na yarinya ba ne."

"Na wa ka zaci, na jaki?" in ji Sufeto.

Kofur ɗin da Sufeto ya tura rumbun ya dawo da kwalin a guje, Zulai ta warce ta yi ɗakin Hadiza. Sufeto ya tsayar da Ɗahiru a bakin ƙofa da ankwa a hannu, sai da ya kalli allurar ta shiga jikin yarinyar, sannan aka tasa ƙeyarsa.